Alfata ta kai 0.89, me ya sa malamina ya ce ma'aunin bai inganta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan'adam, bincikena a kan ciwon damuwa ne a tsakanin mata masu jego. Na fassara takardar tambayoyi ta PHQ-9 zuwa Hausa, na gwada ta a kan mata 40 a asibitin unguwarmu, manhajar lissafi ta SPSS ta ba ni alfar Cronbach 0.89. Sai na rubuta a babi na uku cewa ma'aunin ya inganta. Malamin da ke duba aikina ya ja layi da jan biro, ya ce wannan rilayabiliti ne kawai, ina baliditi? Mene ne bambancinsu, kuma yanzu me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, malaminki yana kan gaskiya, kuma gara da ya tare ki a babi na uku, domin da kin kai wannan jimla zauren kare kundi, a kanta mai jarrabawa na waje zai zauna. Aikinki bai lalace ba. Tambaya ɗaya kika amsa cikin guda biyu, ta biyun kuwa ita ce mai nauyi.

Ki tuna mai awon hatsi da ya bubbuge gindin tiyarsa ta lotsa ciki. Ko sau goma ya auna miki gero, abu ɗaya zai ba ki, ba ƙari ba ragi. Tiyar ba ta sauya magana, amma tauyayya ce. Wannan tsayuwa kan magana ɗaya ita ce kuke kira rilayabiliti a aji, ni zan riƙa ce mata tsayuwar ma'auni. Baliditi kuwa shi ne inganci: shin abin da kika ce kina aunawa, shi ɗin kike aunawa? Kuma mu namu ya fi na mai gero wuya. Shi dai gero ana ganinsa, in an kawo tiya mai kyau asirin mai tauye mudu ya tonu. Mu abin da muke aunawa ba a ganinsa, ba a taɓa shi. Damuwa, fargaba, basira, juriya, duk alamunsu kawai muke bi. Saboda haka yana yiwuwa ki fita awon gero ki dawo da dawa, tiyarki kuma ta cika daidai a kowane awo, ba ki sani ba.

Bari in fara da abin da kika riga kika yi. Tun 1904 Charles Spearman ya kafa tunanin da har yau muke aiki da shi: duk makin da mutum ya samu a gwaji haɗin abu biyu ne, makinsa na ainihi da kuma kuskuren awo. Kuskuren yana shigowa ta kowace kafa. Jariri yana kuka lokacin da ake tambayar, uwar ba ta ji kalma ɗaya da kyau ba, mai tambayar ta gaji ta yi sauri. Tsayuwar ma'auni tana gaya miki ne kashi nawa na bambancin da kike gani tsakanin mutane na gaske ne, kashi nawa hayaniya ce.

Ana duba wannan ta hanyoyi daban-daban, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Akwai sake gwaji: ki yi wa mutanen tambayoyin yau, ki sake bayan 'yan kwanaki, ki ga ko makin ya zauna. A nan sai kin lura da tazara. Idan ta yi gajarta, amsar jiya suke tunowa su maimaita miki. Idan ta yi tsawo, yanayin kansa ya sauya, domin PHQ-9 tana tambaya ne a kan makonni biyu da suka wuce, kuma mai jego ta ranar suna ba ita ce mai jego ta ranar arba'in ba. Kada kuma ki bari azumin Ramadan ya faɗo tsakanin gwajin farko da na biyu, don barci da cin abinci duk suna juyawa, sai ki ɗora wa ma'auni laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma yarjewar masu dubawa, wadda ta shafe ki kai tsaye, tunda da yawa daga cikin matan karanta musu za a yi. A nan ɗalibai suna faɗawa wani rami: sai su ce masu dubawa biyu sun yarda da juna kashi 84 cikin 100, su ɗauka an gama. Ki ɗauki misali. Mata 100, mai dubawa ta farko ta ce 10 suna da ciwon, ta biyu ma ta ce 10. Amma a kan mata 2 kacal suka haɗu, sauran 82 duk sun ce lafiyarsu ƙalau. Yarjewa ta kama kashi 84. To amma ko da ido rufe suka riƙa zaɓa, lissafi ya nuna za su dace a kashi 82. Wannan ne ya sa Jacob Cohen ya fito da ma'aunin da ake kira kafa (kappa) a 1960, wanda yake cire rabon dace. A misalin nan kafa 0.11 ce, wato kusan babu yarjewa ko kaɗan a kan abin da aka fita nema. Kada ki ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce. A gwajin da aka yi wa kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, kafin fitowarsa a 2013, kafar da ƙwararrun likitoci suka samu a kan babban ciwon damuwa 0.28 ce.

Sai ta uku, wadda ita kika yi: haɗin kan tambayoyin a junansu, alfar da Lee Cronbach ya bayyana a 1951. Abin da alfa take faɗa shi ne, wadda ta amsa sama a wannan tambaya, takan amsa sama a sauran. Iyakarta ke nan. Ba ta san sunan abin da ake aunawa ba. Kuma lambar tana hawa da yawan tambayoyi ko da alaƙarsu ba ta ƙaru ba. Idan kina da tambayoyi 10 waɗanda matsakaiciyar alaƙarsu 0.2 ce, alfa za ta ba ki 0.71. Ki mayar da su 20 da wannan alaƙar dai, ta koma 0.83. Tambayoyi 40 da alaƙarsu ba ta wuce 0.1 ba, wato da kyar suka san juna, za su ba ki kusan 0.82. Ita kuwa dokar 0.70 da kowa ke kafa hujja da ita, shawara ce Jum Nunnally ya bayar a 1978 don matakin farko na bincike, shi da kansa ya nemi 0.90 ko sama idan za a yanke hukunci a kan mutum ɗaya. Idan alfa ta haura 0.95 ma ni ba murna nake yi ba, na fi zargin tambaya ɗaya ce aka sauya wa riga sau goma.

Akwai wata hanya da alfa ke hawa wadda ta fi damuna a wurarenmu. Matar da ta ɗauke ki a matsayin ma'aikaciyar asibiti, tana jin nauyinki, ga uwar mijinta zaune a gefe riƙe da jariri, sai ta bi duk tambayoyin da "babu, Alhamdu lillahi". Wata kuma ta ji ana cewa masu bincike suna raba tallafi, sai ta bi su duka da "e, kullum". Kowace cikinsu ta tsaya kan magana ɗaya tun daga farko har ƙarshe, alfarki ta yi kyau. Amma abin da kika auna kunya ce da sa rai. Mai shaidar zur da ya haddace labarinsa, ko sau nawa alƙali ya tambaye shi ba zai sauya ba. Malaman hadisi sun daɗe da gane wannan. Kiyayewar mai ruwaya, wadda suke kira dabɗi, sharaɗi ce, amma ɗaya ce cikin biyar. Sai an haɗa da adalcinsa, da saduwar isnadi, da kuɓuta daga saɓa wa waɗanda suka fi shi, da kuɓuta daga ɓoyayyiyar illa, kafin a ce hadisi ya inganta.

Ban faɗi wannan don ki raina tsayuwar ma'auni ba. In babu ita, babu zancen inganci tun farko. Ma'aunin da ya cika da hayaniya ba zai iya nuna alaƙa da komai ba. Spearman ya nuna lissafin: idan alaƙar gaskiya tsakanin abu biyu 0.5 ce, amma tsayuwar kowane ma'auni 0.6 ce, abin da za ki gani a kwamfuta 0.3 ne. Bincike da yawa da aka rufe da cewa "ba a samu alaƙa ba" ma'auninsu ne ke rawa. To ke kin tsallake wannan, a matakin gwajin farko dai, domin mutum 40 ba su isa a kafa lamba a kansu daram ba.

Yanzu ga ingancin. Tarihin fanninmu da kansa ya fara ne da wannan darasi. A 1884 Francis Galton ya buɗe ɗakin awo a wani baje koli a Landan, ya auna mutane fiye da 9,000: ƙarfin damƙa, kaifin gani da ji, saurin motsi. Shi da James McKeen Cattell na Amurka sun yi imani cewa ta nan za a gano basira. Kayan aikin na ƙarfe ne da tagulla, suna da kwarjinin kimiyya, an shafe shekaru ana tara lambobi. Sai a 1901 ɗalibin Cattell, Clark Wissler, ya yi abin da ya kamata a yi tun farko: ya ɗauki sakamakon gwaje-gwajen ɗaliban Jami'ar Kolombiya ya gwama da makinsu na aji. Alaƙar ta fito kusan sifiri. Bayan shekara huɗu Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da nasu a Faransa, wanda ya tambayi yara abubuwan da suka shafi fahimta da tunani da riƙe magana, kuma shi ne ya rayu. Abin da Wissler ya yi, wato gwama ma'auni da wani abu na waje, shi ne malaminki ke nema a wurinki.

Ki duba ma yadda masu PHQ-9 ɗin suka yi. Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams, a rahotonsu na 2001, alfar da suka samu a asibitocin kula da lafiya na farko 0.89 ce, daidai da taki. Amma ba su tsaya nan ba. Sun sa ƙwararru a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa sun yi hira da marasa lafiya 580 cikin awa 48, ba tare da sun ga makin takardar ba, sannan aka gwama. Daga nan ne aka samo iyakar maki 10 cikin 27: tana kama kashi 88 na masu ciwon, tana kuma wanke kashi 88 na marasa shi. Wannan lamba 10 da kike shirin amfani da ita, a kan Amurkawa masu amsawa da Ingilishi aka same ta.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, don shi ne zuciyar maganar. Inganci ba tambari ba ne da ake buga wa takarda sau ɗaya ta yi ta yawo da shi duniya. Lee Cronbach da Paul Meehl sun buɗe wannan hanya a 1955, Samuel Messick ya ƙarasa ta a 1989: abin da ake ingantawa shi ne fassarar da kika yi wa maki, ga waɗannan mutanen, a wannan harshe, don wannan manufa. Da zarar kin sauya harshe ko mutane, hujjar ta koma sabuwa. Shi ya sa jimlar da nake yawan gani a kundaye, cewa "an riga an inganta ma'aunin a ƙasashen waje", ba ta gamsar da ni.

Ɗauko takardarki mu bi ta tare, ki sa mai jego ta kwana ashirin a gabanki. Tambaya ta uku a kan barci ce. Wace mai jego ce ke samun barci? Ta huɗu a kan gajiya da rashin ƙarfi: mace ta zubar da jini wurin haihuwa, wataƙila jininta ya yi ƙasa, wataƙila zazzaɓin cizon sauro na jikinta, ga wankan jego safe da yamma. Ta biyar a kan ƙarancin ci ko yawansa, alhali ana ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama don nono ya kawo. Kowace tambaya tana ɗaukar maki har 3. Ke nan mace mai cikakkiyar walwala tana iya tara 9 daga waɗannan ukun kaɗai, saura ɗaya ta tsallaka iyaka a rubuta ta cikin masu ciwo. Wannan matsala ce ta sa John Cox da Jenifer Holden da Ruth Sagovsky suka tsara ma'aunin Edinbara, EPDS, a 1987, mai tambayoyi 10, suka kauce wa alamun jiki da haihuwa kanta ke kawowa.

Tambaya ta bakwai tana maganar kasa tattara hankali, misalin da ta bayar kuwa karanta jarida ne ko kallon talabijin. Idan matar ba ta karanta jarida, me za ta ce? Da an tambaye ta ko tana rikicewa a lissafin raka'o'in salla, ko tana mance ta sa gishiri a miya, da ta gane nan take. Ta biyu ta fi su wuya. Tana tambaya ne a kan jin karyewar zuciya da rashin fata. Wace kalma kika sa? Idan "yanke ƙauna" ko "fid da rai" kika rubuta, kin taɓa aƙida, domin Musulma ta san an hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma abin da za ki ji shi ne "A'uzu billahi", ko da kuwa kullum da kuka take kwana. Idan "damuwa" kika sa, ta yi faɗi da yawa, kuɗin cefane ma damuwa ne. "Baƙin ciki" kuma a wasu bakunan hassada yake nufi. Ga "ɓacin rai", wanda ya fi kusa da fushi. Duk cikinsu babu wadda ta zauna daidai, kuma SPSS ba zai taɓa gaya miki wannan ba.

Akwai labarin da Joseph Glick ya bayar daga aikin da suka yi da Michael Cole da John Gay a tsakanin Kpelle na Laberiya. An ba manoma kayayyaki, abinci da kayan aiki da sutura da mazubai, aka ce su kasa su rukuni-rukuni. Sai suka riƙa haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi, tunda da wuƙa ake yanka lemo. A ma'aunin masu binciken wannan ƙaramin maki ne. Da aka tambaye su yaya wawa zai kasa, sai suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, daidai yadda gwajin ke so. Sun iya sarai, fahimtarsu ga abin da ake nema ce ta bambanta. Kuma ki sani yawancin ma'aunanmu daga wuri ɗaya suka fito: binciken Jeffrey Arnett na 2008 ya nuna kashi 96 na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba.

Kada ki fahimce ni da cewa PHQ-9 ba za ta yi aiki a wurinki ba. Ba a sanin wannan daga kan kujera, sai an gwada, kuma sakamakon yakan ba da mamaki. A Kintampo ta ƙasar Gana, Benedict Weobong da abokan aikinsa sun gwama PHQ-9 da EPDS da SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya a kan matan da suka haihu, a rahotonsu na 2009. PHQ-9 ce ta fi, amma iyakar da ta dace da su maki 5 ne, ba 10 ba. A Habasha kuma Charlotte Hanlon da abokan aikinta sun samu a 2008 cewa EPDS ba ta yi abin kirki ba a karkarar Butajira, SRQ-20 ta fi ta, sai ga shi wani bincike da ya biyo baya a birnin Addis Ababa ya samu EPDS ɗin tana aiki da kyau. Takarda ɗaya, ƙasa ɗaya, birni da ƙauye sun saɓa. A Zimbabuwe Vikram Patel ya bi ta wata hanyar dabam: ya tattara kalmomin da marasa lafiya da masu maganin gargajiya da ma'aikatan jinya ke amfani da su, ya gina ma'aunin tambayoyi 14 da harshen Shona a 1997, a ciki har da abin da suke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Duk wanda ya zauna da matanmu ya san "tunani ya yi mini yawa" da "gabana na faɗuwa" da "jikina ya mutu" su ne ƙofar shiga, kuma babu ta farkon a cikin PHQ-9.

To me za ki yi, da lokaci da kuɗin ɗaliba?

Ki fara da fassarar. Hanyar da Richard Brislin ya yaɗa a 1970 ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar Ingilishi, a gwama. Ki yi, amma ki san iyakarta: 'yan boko biyu suna iya fahimtar juna sarai a kan Hausar da babu matar da ke yin ta a tsakar gida. Saboda haka ki zaunar da ƙaramin kwamiti, likitan ƙwaƙwalwa ko nas ɗin ɓangaren, da ungozoma, da malamin Hausa, su bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, su faɗi abin da ya yi daidai da abin da aka bari a baya. Wannan shi ne ingancin ƙunshiya. Ya bambanta da abin da ɗalibai ke yi na kai wa malamai biyu takarda su sa hannu cewa ta yi kama da abin da ake nema. Kama da wane ba ta wane.

Sai matakin da na fi ba muhimmanci, wanda kuma bai cin kuɗi. Ki samu masu jego goma zuwa goma sha biyar, na birni da na ƙauye, masu karatu da marasa shi, ki zauna da kowace ita kaɗai. Ki karanta tambaya, ta amsa, sannan ki ce: "Da na faɗi haka, me kika fahimta? Faɗa mini da bakinki. Me ya sa kika zaɓi wannan amsar?" Ki rubuta abin da ta ce kalma da kalma. Ki lura da zaɓuɓɓukan amsa ma, domin bambancin "wasu kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin" ba ya zama a kunne idan karantawa ake yi. Wasu masu bincike suna nuna hoton kofuna, daga wanda babu komai zuwa cikakke, wasu suna ba da tsakuwa 14 a ware kwanakin. Yini uku na irin wannan zama zai nuna miki abin da mata dubu a SPSS ba za su nuna ba.

Bayan kin gyara, sai gwamawa da abin waje. Mafi ƙarfi shi ne ki samu likitan ƙwaƙwalwa ya yi hirar asibiti da wani kaso na matan, a rana ɗaya ko washegari, ba tare da ya san makinsu ba, mai cika takardar ita ma ba ta san hukuncinsa ba. Wannan rufewar wajibi ce. A Jamus an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, yana buga ƙafa ya ba da amsa. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa idan mai tambayar bai san amsar ba, dokin ma ba ya sani, ashe ɗan motsin kai da fuskar mai tambaya yake karantawa. In doki ya iya karanta abin da mai tambaya ke so, ina ga mace mai hankali da ke zaune gaban likita? Daga wannan gwamawa ne za ki fitar da iyakar makin da ta dace da matanki.

Idan likita bai samu ba, akwai hujjoji masu sauƙi, irin waɗanda Donald Campbell da Donald Fiske suka tsara a 1959: ma'auninki ya tafi tare da abin da ya kamata ya tafi da shi, ya kuma rabu da abin da ya kamata ya rabu da shi. Ki ba matan EPDS ko SRQ-20 tare da taki, ki ga ko suna hawa tare. Sannan ki ɗauki awon jininsu na PCV daga kati, da izininsu. Idan makin takardarki ya fi bin ƙarancin jini a kan bin sauran ma'aunan damuwa, to gajiyar jiki kike aunawa. Ki kuma duba ko matan da jaririnsu ya rasu ko yake kwance a asibiti sun fi sauran maki, kamar yadda hankali zai ɗauka. Idan adadin matanki ya haura ɗari, ki yi fakta analisis, wato lissafin da ke nuna tambayoyin da ke tafiya tare rukuni-rukuni, ki ga ko tambayoyin jiki guda uku sun ware kansu gefe guda.

A babi na uku kuwa, ki goge "ma'aunin ya inganta". Ki rubuta abin da kika yi da abin da kika samu: alfa kaza a kan mata kaza, an bi fassara ta hanya kaza, an sauya tambaya ta bakwai saboda dalili kaza, alaƙa da EPDS kaza. Abin da ba ki samu damar yi ba ki ambace shi a iyakokin bincike. Kuma idan ba a yi hirar likita ba, kada ki rubuta a babi na huɗu cewa kashi kaza na matan suna da ciwon damuwa. Ki ce kashi kaza sun haura iyakar maki, domin takardar tacewa take yi, ba ta yanke hukuncin ciwo.

Saura tambaya ta tara, wadda ke tambaya ko mace tana jin gara ta mutu ko tana tunanin cutar da kanta. Da yawa za su ce a'a saboda addini da kunya, don haka ƙarancin "e" a nan ba ya nufin babu. Ki yi ta a keɓe, ba gaban miji ko uwar miji ko kishiya ba, da murya ƙasa, bayan an saba. Kuma tun kafin ki fita fili ki shirya da wata nas ko likita wanda za ki miƙa wa duk matar da ta ce e a ranar, ki rubuta wannan shiri a takardar neman izinin kwamitin ɗa'a. Allah ya ba da sa'a, ki gaida malamin naki.